Tabarau ɗin Baba a Fuskata

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya ba mu ido aro, kuma Ya san ranar da zai dushe.

Mahaifina bai taɓa zuwa asibitin ido ba. A faifai ya sayi tabarau ɗinsa, wurin wani amininsa da ke tallan tabarau a Fegge, cikin Anacha, inda Baba yake zuwa sarin zare da carbi da turare don ɗan shagonsa na gefen masallacinmu a unguwar Obiagu ta Inugu. Babu likita, babu awo. An yi ta ɗora masa ɗaya bayan ɗaya har ya ce yawwa, ya biya, ya dawo Inugu da shi a fuska. Baƙin firam ne mai kauri, hannunsa na dama ya taɓa karyewa aka ɗaure da koren zaren ɗinkin hula. Gilasan kuwa sun yi kauri har idan ya dube ka ta cikinsu sai idanunsa su yi manya-manya kamar na saniya. Yaran maƙwabtanmu Ibo tsoronsa suke ji saboda haka, alhali a aljihunsa ba a rasa alewa.

Kullum bayan la'asar yakan dawo gida ya shimfiɗa buzunsa a baranda, ya buɗe gafaka, ya ciro waƙoƙin begen Manzon Allah da ya kwafa da hannunsa a Kano tun yana saurayi. Inna ba ta karatu. Takan zauna a tabarma gabansa da tiren shinkafa a cinya, tana tsincewa tana saurare, jefi-jefi ta yi salati. A gaban buzun nan na koyi ajami, kuma da shi na tashi ina koyar da yara da safe, ina kwafa wa mutane abin da suke so a kwafa musu.

Ni ne ɗan farinta. Wanda ya san gidajenmu na da ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma taɓa duban fuskata ba. Idan za ta yi mini magana, ƙofa take kallo, ko ƙafafuna. Idan abinci ya sauka sai ta ce wa ƙanwata, "Ki kai wa wancan." Wata maƙwabciyarmu Ibo mai sayar da okpa, alalen gurjiyar nan na mutanen Inugu, ta taɓa tare ni a ƙofa tana tambaya ko da gaske wannan matar ce ta haife ni. Na yi dariya na ce mata kunya ce irin tamu. Ban taɓa shakkar tana sona ba, domin tsokar da ta fi girma a kwanona nake samunta. Amma ba zan ɓoye ba, tun ina ƙarami nakan ga yadda take riƙe haɓar ƙanwata ta ɗaga fuskarta tana duba ko ta wanke ido, sai in tsaya ina kallonsu.

Cikin damina Allah Ya karɓi Baba, bayan ɗan gajeren ciwo. Muka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Inna ta shiga takaba, ƙanwata ta taso daga Fatakwal inda take aure ta zo zama da ita. Mun ɗauka in takaba ta ƙare za ta sake. Takaba ta ƙare, ba ta sake ba. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da sauƙi. Sallarta ba ta wuce ta, gaisuwa tana amsawa, amma abinci sai ta taɓa ta ture. Koko ma rabin kofi. Zanenta ya fara yi mata yawa, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu idan ta ɗaga hannu addu'a.

Ƙanwata ta nemo hoton Baba ko za ta ji sanyi. Shi ba mai son hoto ba ne, guda ɗaya ya bari, na fasfon aikin Hajji, shi ma mai hoton ya sa ya cire tabarau. Danshin Inugu ya cinye gefensa. Inna ta karɓa ta duba, ta miƙo.

"Wannan ba shi ba ne," in ji ta.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na fito da gafakarsa baranda, don in shanya takardun kada su yi fumfuna. A cikin aljihun gafakar na tarar da tabarau ɗin. Har yanzu yana ƙanshin turarensa. Ban yi wani tunani ba, na ɗora shi a fuska kamar yadda mutum ke sunsunar rigar wanda ya rasa. Nan take tsakar gida ta narke mini, igiyar shanya da randa da bishiyar gwanda duk suka zama dishi-dishi.

"Yaya, don Allah cire abin nan," na ji muryar ƙanwata. "Wallahi gabana ya faɗi."

Na ɗaga hannu zan cire ke nan, sai na ji wata murya daga bakin ƙofar ɗaki.

"Malam..."

Haka Inna take kiran Baba. Ba ta ƙarasa ba. Can sai na ji ana jan tabarma, na ga wata inuwa ta zauna a gabana.

"Ko za a ɗan karanta mana," in ji ta.

Na ciro warƙa ta farko. Sai da na kawo ta dab da hancina kafin baƙaƙen su tsaya wuri ɗaya. Na fara rerawa da karin da Baba yake yi. Da na kai ƙarshen baiti na ji ta yi salati a hankali, daidai inda ta saba yi. A daren nan da kanta ta ce a yi mata tuwon masara da miyar kuka, ta kusa cinye malmala guda.

Da muka keɓe, ƙanwata ta kama hannuna. "Ka san kuwa kai take kallo? Tun da ka fara har ka gama, ko ƙiftawa ba ta yi."

"Ni?"

"Fuskarka. Tsakar idonka."

Abin da na jira tun ina yaro ke nan, ya zo, kuma ban gan shi ba. Ta cikin gilashin Baba duk abin da ya wuce tsawon hannuna hazo ne. Iyakar abin da nake gani shi ne farin mayafi, da wani duhu-duhu a tsakiyarsa wanda ya juyo wajena.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Ina dawowa daga la'asar zan tarar an share baranda, an shimfiɗa buzu, tabarau yana ajiye a kan gafaka an goge shi tas. Na taɓa gwada saukar da shi kan karan hanci don in leƙa ta sama, sai na ga ta sunkuyar da kai nan da nan ta koma kan tiren shinkafa. Baba ba ya saka shi haka, shi tura shi yake har ya manne da gira. Na mayar da shi yadda yake. Wata rana kuma na zauna na fara karatun ba tare da na taɓa shi ba. Ta saurari baiti kaɗan, ta miƙe ta ce bari ta duba wuta. Babu komai a kan wutar. Daren nan ba ta ci abinci ba.

To ni idona lafiyarsa ƙalau. Ido mai lafiya kuwa idan aka ɗora masa gilashin da ba nasa ba, kokawa yake yi da shi. Da farko wani nauyi nake ji a tsakanin gira. Daga baya ya zama ciwon kai sosai, mai sauka har ƙeya. Ɗigon baƙaƙe ya dinga yi mini tsalle, na sama ya dawo ƙasa, har na koma rabin karatun da ka nake yi. Hawaye ya dinga zuba ba na kuka ba, ko da yake ina jin Inna ta ɗauka na kuka ne, don nakan ji tana jan hanci ita ma. Idan na cire shi duniya ba ta komawa daidai nan take. Sai in tashi zan tafi magariba ƙasa tana yi mini nisa, in ɗaga ƙafa sama inda babu tudu. A sahu jiri ya sha ɗibana har na kusa da ni ya tallafe ni. Da safe idan na zauna kwafa, idon ya riga ya gaji, sai in ga na tsallake layi, abin da Baba ya hore ni a kansa tun ban kai munzali ba.

Amma Inna tana ci. Fuskarta, wadda nake satar kallo da safe, ta fara cikowa. Ta koma yin kitso. Har faɗa na ji tana yi da mai okpa a kan wurin shanya. Ni dai na ƙudura a raina, in ciwon kai ne kuɗin wannan, zan biya.

Ranar da abin ya fito fili, na fito ƙofar gida bayan karatu, na zo tsallake lambatu, sai na sa ƙafa a cikinsa. Na gurje ƙwauri, wani ɗan okada, mai acaɓa, shi ya tsaya ya ciro ni. Ƙanwata na wanke mini ciwon tana masifa ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

"Kai da kake hango kwarkwata a kan mutum daga tsallaken titi, yau kai ne a lambatu? Abeg, Yaya. So kake mu rasa Baba, mu dawo kuma muna yi maka jagora?"

"Yi a hankali, da zafi."

"Gara ka ji zafin. Gobe da safe unguwar Uwani za mu."

A Uwani akwai wani ɗan asibitin ido. Matar da ta duba ni ta sa na karanta haruffan bango har na can ƙasa ƙanana, ta haska mini fitila, sannan ta ɗauki tabarau ɗin Baba ta juya shi. Ta ce idona babu abin da ya same shi, kuma a shekaruna gilashin ba zai makantar da ni ba. Amma muddin ina saka shi, ciwon kai da jiri da gajiyar ido ba za su bar ni ba, kuma wata rana abin da zan faɗa ciki zai iya fin lambatu. Da ƙanwata ta ba ta labarin dalili cikin harshen Ibo, sai ta ajiye tabarau ɗin a tebur. Ta ce to a cire gilasan mana, a sa farin gilashi marar lamba, irin wanda samari ke sakawa don ado. Shi wannan ba ya ƙara komai ba ya rage komai.

Shawara ce mai kyau, amma na kasa barin baƙon hannu ya ɓalle abin Baba. Na ce in dai za a yi, wanda ya sayar masa shi zai yi.

Na shiga motar Anacha. A Fegge na sami aminin Baba ya daina yawo da faifai, ya kafa ɗan tebur a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya tsufa, gemunsa fari fat. Ya zo mana ta'aziyya a lokacin, amma duk da haka muka sake gaisuwa daga farko, ya tambayi gida, ya tambayi haƙuri, ya tambayi jama'ar Obiagu ɗaya bayan ɗaya, muka yi wa Baba addu'a muka shafa. A kan teburin na ga takardun gwajinsa guda biyu, yankin jarida don Ibo da 'yan boko, da wata warƙar ajami da ta yi ja don mutanenmu. Da na miƙa masa tabarau ɗin, koren zaren ya fara shafawa.

"A gabana ya ɗaure wannan. Na ce ya kawo in canja masa hannu kyauta, ya ce shi ba ya rabuwa da abu don ya karye." Ya yi murmushi. "Rowa ce kawai, Allah Ya jiƙansa."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya saurara har na gama, sannan ya dube ni.

"Wannan ka ɗora wa idonka? Ɗana, wannan ai ko ni sai na yi bisimilla nake saka shi."

Ya aika aka kawo ruwan zafi a kofi daga wurin mai shayi, ya tsoma firam ɗin ya yi laushi, ya tura gilasan da babban yatsa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana goga farin gilashi a dutse kafin ya zauna daidai. Tsofaffin ya naɗe mini a ƙyalle.

"Zan gaya maka gaskiya," in ji shi da zai sallame ni. "Aikina ya yi kyau, babu wanda zai gane a kasuwar nan. Amma ita ba 'yar kasuwa ba ce. Ta fi ni sanin tabarau ɗin nan."

Washegari bayan la'asar na zauna a kan buzu, na ɗora shi a fuska, na tura shi har gira. Na sunkuya a kan warƙa na fara karatu. Baƙaƙen Baba suka fito mini garau, har inda alƙalaminsa ya yi tuntuɓe. Na rera baiti na farko da na biyu, na ji salatinta. Sannan na ɗago kai.

Ranar na fara ganin idon mahaifiyata yana kallona. Ashe ba baƙi ba ne sosai, yana da ɗan ja-ja kamar zuma. Akwai wani ɗan tabo a ƙarƙashin na hagu wanda ban taɓa sani ba. Ta sa kwalli. Fuskarta a sake take, da wani ɗan murmushi, irin wanda na tabbata Baba kaɗai ya san shi. Na manta baitin da ke gaba.

Ina kallo murmushin ya fara janyewa. Ta ɗan karkata kai, ta ƙanƙance ido.

"Me aka yi wa idon?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na gaya mata komai, ciwon kan, da lambatun, da tafiyata Fegge. Na ciro ƙyallen daga aljihu na ajiye a gefen tabarmarta. Ƙanwata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya. Ni kuwa abin da nake jira kawai shi ne ta miƙe ta ce za ta duba wuta.

Ta buɗe ƙyallen, ta ɗauki gilashi ɗaya ta riƙe a tafin hannu. Ta daɗe tana juya shi.

"Tun yaushe kan yake ciwo?"

"Ya ɗan jima, Inna."

"Shi ne ba a faɗa ba."

"An ga kina cin abinci."

Ta mayar da gilashin kan ƙyallen. Sai kuma ta ɗago ta sake dubana, kuma wannan karon ta san wanda take duba. Ba ta kawar da kai ba.

"Cire," ta ce.

Na cire. Ta bi fuskata da kallo a hankali, daga goshi har haɓa, kamar yadda ake bin layi a allo.

"Lokacin da aka kawo ni gidansa, ba ya saka komai," in ji ta. "Idonsa ƙanana ne. In ya yi dariya ma ɓacewa suke. Na manta." Ta ɗan tsaya. "Ashe nan suka zo. Ni ina zan sani."

Daga nan ta sunkuyar da kai, ta jawo tiren shinkafarta, ta yi magana tana kallon ƙafafuna kamar yadda ta saba.

"A ci gaba mana. An tsaya a tsakiyar baiti."

Na ci gaba da idona tsirara. Na kai ƙarshe. Da daddare na ji tana ce wa ƙanwata miyar ta yi gishiri, kuma a ƙaro mata tuwo. Sannan ta ce, "Ki kai wa wancan man zafi ya shafa a goshi."

Ta yi shekaru masu albarka bayan wannan. Kullum bayan la'asar ina yi mata karatu, kullum tana tsince shinkafa. Ba ta sake duban fuskata ba har Allah Ya karɓe ta, ban kuma sake nema ba. Gilasan nan biyu a ƙarƙashin matashinta muka same su, cikin ƙyallensu.

Yanzu ni ma gemuna ya yi fari. 'Yan shekarun nan na lura ina nesanta takarda daga fuskata, har hannuna ya gaza. Na koma asibiti, wannan karon aka ce lokaci ya yi, aka rubuta mini nawa. Ina da shi, shi nake sakawa wajen koyarwa. Amma wata rana na ɗauko gilashi ɗaya daga cikin ƙyallen na kara a ido, na duba warƙa, sai ga baƙaƙen sun tsaya cak, babu tsalle, babu ciwo. Aminin Baba ya riga ya rasu, don haka da kaina na tsoma firam ɗin a ruwan zafi na mayar da su mazauninsu.

Bayan la'asar nakan shimfiɗa buzun a baranda, in saka shi, in karanta. 'Ya'yana sun watse, wannan yana Fatakwal, wancan yana Anacha, jikoki kuma in sun zo turancin kasuwa ya fi musu sauƙi a baki. Mafi yawan lokuta ni kaɗai ne. Karatu yana yi mini daidai ta cikinsa, amma nesa har yanzu hazo ce. Idan na kai ƙarshen baiti nakan ɗago kai, kuma in an yi sa'a an shanya farin zane a igiyar da ke daidai inda tabarmarta take, sai in ɗan dakata kafin in ci gaba.

Allah Ya jiƙan su duka biyun, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu rabuwa.